Gatarin Aradu da Sandar Rawar Shango a Al'adar Yarbawa

Gabatarwa

Wani lokaci manomi yakan tsinci wani ɗan dutse a gonarsa, musamman bayan an tafka ruwan sama ƙasa ta zaizaye. Dutsen sumul yake, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Gefe ɗaya yana da faɗi da kaifi, ɗaya gefen kuwa tsukakke ne. Duk wanda ya juya shi a hannu zai ga kamannin ruwan gatari, sai dai na dutse ne. Hausawa suna kiransa gatarin aradu, domin magabata sun ɗauka cewa aradu ce take jefo shi daga sama.

Maƙwabtan Hausawa ma sun haɗa tsawa da gatari. Nufawa suna da Sokogba, wato gatarin Ubangiji. Zabarmawan Jamhuriyar Nijar suna da Dongo, iskan tsawa, wanda alamarsa gatari ne mai 'yar ƙararrawa. Yarbawa kuwa suna kiran dutsen edun ara, ma'anarsa gatarin tsawa. Sun danganta shi da Shango, abin bautarsu na tsawa da walƙiya a addinin gargajiya. Masassaƙansu sun ɗauki siffar dutsen suka ɗora ta a kan wata gajeriyar sandar itace da ake riƙewa wajen rawa. Sunan sandar oshe.

Mafi yawan Yarbawan yau Musulmi ne ko Kirista. Duk da haka, wanda yake son fahimtar tarihinsu da sarautarsu da fasaharsu ba zai iya tsallake Shango ba. A wannan darasi za mu ga ko wane ne shi, da yadda ake sassaƙa oshe, da abin da sandar take faɗa game da ƙarfi da natsuwa.

Oyo ba ta da nisa da mu

Babbar hanyar motar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Yawuri ta ratsa Kontagora. Idan matafiyi ya ci gaba da bin ta kudu, zai isa Mokwa, ya haye Kogin Kwara a gadar Jebba, ya wuce Ilorin da Ogbomosho, sannan ya shiga garin Oyo. Wannan Oyo ta yanzu sabuwa ce. Tsohuwar, wadda Yarbawa suke kira Oyo-Ile, Hausawa kuma suke kira Katunga, tana can arewa da ita, kusa da Kogin Kwara. Tana maƙwabtaka da ƙasar Nufe da ƙasar Bargu, waɗanda manyan sassansu suke cikin Jihar Neja a yau.

Sarkin Oyo ana kiransa Alafin. Daularsa ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙarni na 17 da na 18, kuma asirin ƙarfinta shi ne rundunar mahaya dawaki. Daga arewa ake sayo dawakan, kuma da yawa daga cikin masu kula da su 'yan arewa ne. A shekarar 1826 wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya sauka a Katunga kafin ya wuce Bargu da Kano da Sakkwato. A cikin abin da ya rubuta ya ambaci ginshiƙai da ƙyamaren da aka yi wa ado da sassaƙa a birnin. Bayan kamar shekara goma, wato wajejen 1836, yaƙe-yaƙe da Ilorin suka sa mutane suka watse daga birnin, Alafin Atiba ya kafa sabuwar fada a kudu. Saboda haka lokacin da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, Katunga ta riga ta zama kufai.

Wane ne Shango?

A addinin gargajiya na Yarbawa, Olodumare shi ne mahaliccin komai. A ƙarƙashinsa akwai abubuwan bauta masu yawa da ake kira orisha, kowane da abin da aka danƙa masa. Ogun yana da ƙarfe da yaƙi. Oshun tana da kogin da ya ci sunanta. Oya tana da guguwa da Kogin Kwara, shi ya sa Yarbawa suke kiran kogin Odo Oya. Wasu daga cikin orisha ana cewa mutane ne da suka taɓa rayuwa a duniya. Shango yana cikinsu.

Labarinsa ya zo ta hanyar ruwayar baka, kuma wani malamin coci ɗan Oyo, Samuel Johnson, ya tattara shi a littafinsa na tarihin Yarbawa. Ya gama rubuta littafin a 1897, aka buga shi a 1921. Bisa wannan ruwaya, Shango yana cikin sarakunan farko na Oyo. Mahaifinsa shi ne Oranmiyan, wanda ya kafa daular. Mahaifiyarsa kuwa Torosi, 'yar Elempe, sarkin Nufawa. Ke nan ta wajen uwa Shango Banufe ne. Wansa Ajaka ya riga shi hawa gadon sarauta, amma mutane suka ga ya cika sanyin hali, suka tuɓe shi suka naɗa Shango.

Shango jarumi ne mai zafin zuciya. Ana cewa idan ya yi magana wuta da hayaƙi suke fita daga bakinsa. Ya yi shekara bakwai yana mulki, kusan duk a fagen yaƙi. Wata rana ya hau wani tudu don ya gwada wani magani na kiran tsawa. Sai hadari ya haɗu, aradu ta faɗa wa fadarsa, ta ƙone ta, matansa da 'ya'yansa da yawa suka mutu. Da-na-sani ƙeya ce. Shango ya sauka daga sarauta, ya kama hanyar ƙasar Nufe, wajen kakansa. A hanya mabiyansa suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har baƙin ciki ya sa ya rataye kansa a wata bishiya, a wurin da ake kira Koso. Wata ruwayar kuma ta ce rigimarsa da manyan jarumansa biyu, Timi da Gbonka, ita ta raba shi da sarauta.

Maƙiyansa suka shiga yi masa dariya suna cewa sarki ya rataye kansa. Masoyansa suka ce faufau, oba ko so, wato sarki bai rataye kansa ba, ya dai ɓace ya zama orisha. Daga nan duk gidan da aradu ta faɗa wa, sai su ce Shango ne ya yi hukunci. Masana tarihi sun lura cewa tun kafin wannan labari Yarbawa suna da abin bauta na tsawa mai suna Jakuta, wato mai faɗa da duwatsu. Daga baya sunan Jakuta da ayyukansa suka koma kan Shango.

Siffar oshe

Oshe gajeriyar sanda ce, tsawonta yakan kai kamu ɗaya ko ya ɗan ɗara. Daga itace guda ake sassaƙa ta, ba a haɗa ta da ƙusa ko danƙo. Tana da sassa uku. A ƙasa akwai mariƙi. A tsakiya akwai siffar mutum. A can sama kuma akwai gatari mai baki biyu, ɗaya yana duban dama, ɗaya yana duban hagu. Idan aka lura da kyau, za a ga cewa kowane baki siffar gatarin aradu ne, wato duwatsu biyu ne aka haɗa baya da baya. Akwai oshe marasa siffar mutum, daga mariƙi sai gatari.

Mai kallon farko zai zaci mutumin da ke tsakiya shi ne Shango. A haƙiƙa masassaƙa ba su cika sassaƙa Shango kansa ba. Abin da suke nunawa shi ne mabiyinsa, kuma sau da yawa mace ce a durƙushe. Durƙuso a wajen Yarbawa alama ce ta ladabi. Mace takan durƙusa idan za ta gai da babba, ko za ta yi roƙo, ko kuma za ta haihu. Wani lokaci matar tana goye da jariri, domin mabiya Shango suna roƙonsa haihuwa, suna kuma ɗaukarsa majiɓincin tagwaye. Wani lokaci tana tallafe da ƙirjinta da hannu biyu, alamar girmamawa, ko tana riƙe da caki ko ƙwarya. Masassaƙi ba ya manta kitsonta da tsagar fuskarta, waɗanda suke nuna garinsu ko zuriyarsu.

Kan matar yakan yi girma fiye da kima idan aka gwada shi da jikinta. Da gangan ake yin haka. Yarbawa suna kiran kai ori, kuma sun yi imani cewa a cikinsa ne rabon mutum da halinsa suke zaune. A kan wannan kai ne gatarin yake tsaye, kamar ya tsiro daga cikinsa.

A nan ne ma'anar sandar take. A sama ga makami mafi ban tsoro da mutane suka sani, wanda yake ƙone gida a ƙiftawar ido. A ƙarƙashinsa ga mace a durƙushe, fuskarta a sake, ba alamar firgita. Tana ɗauke da shi kamar yadda mai ɗebo ruwa take ɗaukar tulu: idan ta yi garaje, ya faɗi ya fashe. Sarki Shango ya sami ƙarfin tsawa, ya yi wasa da shi, ya hallaka gidansa. Oshe kuwa tana nuna mutumin da ya ɗauki wannan ƙarfi da ladabi da natsuwa. Launukan Shango ma haka suke cewa. Mabiyansa suna ɗaura duwatsun wuya ja da fari a jere. Ja yana nufin zafi da wuta, fari kuma sanyi da kwanciyar hankali.

Yadda ake sassaƙa ta

Sassaƙa a ƙasar Yarbawa sana'ar maza ce, kuma yawanci gado ce. Yaro yakan yi shekaru a gaban mahaifinsa ko maigidansa kafin a bar shi ya karɓi aiki. Kayan aikin ba su bambanta da na masassaƙin turmi a ƙasar Hausa ba: gatari, da gizago babba da ƙarami, da 'yan wuƙaƙe masu kaifi.

Aikin yana da matakai huɗu, kowane da sunansa. Na farko shi ne ona lile, inda masassaƙi yake sare gungumen da gizago, ya raba shi sassa: nan gatari, nan kai, nan jiki, nan mariƙi. Na biyu aletunle, inda yake komawa kan kowane sashe ya fitar da hannuwa da kunnuwa da gwiwoyi. Na uku didan, wato goge itacen da wuƙa da ganye mai kaushi har ya yi santsi. Na huɗu finfin, wato zana layukan kitso da idanu da tsagar fuska. Maigida yakan bar wa almajirai gugar, amma sarar farko da zanen ƙarshe nasa ne.

Bayan an gama, mai sandar yakan shafa mata jan garin itace, ya shafa wa kitson shuni. Shekara da shekaru ana riƙe ta ana shafa mata mai, har itacen ya yi duhu yana ƙyalli. Masassaƙa ba sa rubuta sunansu a jikin aiki, amma mutanen gari suna gane hannun kowa. Daga cikin waɗanda sunansu ya tsira akwai Abogunde na garin Ede, wanda ya yi suna wajen sassaƙa kayan Shango. Lamidi Fakeye na Ila Orangun, wanda ya rasu a 2009, ya kai wannan sana'a ta gado har jami'a, inda ya koyar da ita a Ile-Ife.

Oshe a filin rawa

Yawancin kwanakin shekara oshe tana ajiye a ɗakin bauta. A can akan kife turmi sassaƙaƙƙe, a ɗora masa akushi cike da gatarin aradu. Dalilin turmin shi ne ƙarar daka tana kama da rugugin tsawa. A gefe akwai jakar fata mai ado da ake kira laba, da cakin dogon wuya da ake kira shere. Dabbar da ake yanka wa Shango rago ne, goronsa kuma namijin goro.

Ranar biki sai a fito da sanduna. Masu kula da bautar Shango iri biyu ne. Akwai magba, dattawan da suke tsare ɗakin bauta da al'adunsa. Akwai kuma elegun, waɗanda aka yi imani Shango yana hawa kansu. Wanda ya san borin Hausawa zai gane wannan magana nan take, domin a bori ma ana cewa iska ya hau mutum, ana kiran namiji doki, mace kuma goɗiya. Yarbawa su ma suna kamanta elegun da dokin da orisha yake hawa. Suna kuma kiransa amaryar Shango, ko da namiji ne. Saboda haka elegun namiji yakan yi kitso irin na mata.

Kiɗan Shango na ganguna ne da ake kira bata. Kowace tana da baki biyu, babba da ƙarami. Ana dukan babban da hannu ya ba da amo mai zurfi kamar rugugi, ana dukan ƙaramin da tsumagiyar fata ya ba da ƙara mai kaifi kamar faɗuwar aradu. Da farko mai rawa yana takawa a hankali, yana rungume da oshe a ƙirji. Idan kiɗa ya yi zafi, sai ya zabura, ya ɗaga sandar sama, ya sauko da ita ƙasa da sauri kamar walƙiya, sannan ya tsaya cik. Can kuma ya sake zabura. Wasu elegun sukan ɗauki tukunyar wuta a ka, ko su sa audugar da ke ci da wuta a baki, don jama'a su yarda cewa Shango ya sauka. A wannan hali elegun yakan sa wa mutane albarka, ya kuma tsawata wa masu laifi.

Shango da mulkin Alafin

Mabiya Shango sun yi imani cewa aradu ba ta faɗuwa a banza. Tana neman ɓarawo da maƙaryaci da maci amana. Ko a Hausa akwai ɓurɓushin irin wannan tunani, inda mutum yakan ce "aradu" ko "kwarankwatsa" idan yana son a gaskata maganarsa. Wannan imani ya sa mutane suna tsoron rantsuwa a kan ƙarya.

Amma imanin ya zama makamin mulki kuma. A zamanin daular Oyo, idan aradu ta faɗa wa gida, masu gidan ba su da ikon gyara shi sai masu bautar Shango sun zo. Su za su tona ƙasa su fito da dutsen da suka ce shi aka jefo, su sa shi a laba su tafi da shi. Mutanen gidan, waɗanda suka riga suka yi asara, su za su biya tara mai nauyi, wani lokaci dukiyarsu duka. Da yake bautar Shango tana ƙarƙashin fadar Alafin, masu bautar sun zama kamar idon sarki a garuruwan da Oyo take mulka. Har yau a ɗakin bautar Shango na Koso ake ɗora wa sabon Alafin hular sarauta. Ashe gargaɗin da oshe take yi game da ƙarfi ya shafi masu riƙe da ita su ma.

Shango ya haye teku

Yaƙe-yaƙen da suka rushe Oyo a farkon ƙarni na 19 sun jefa dubban Yarbawa hannun masu cinikin bayi. Aka kai su Barazil da Kyuba, wasu kuma suka ƙare a Tirinidad. Ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da abin da ke cikin kansu. A jihar Bahiya ta Barazil har yau ana rawa da gatari mai baki biyu, ana sa ja da fari. A birnin Resife ma sunan Shango ne ya zama sunan addinin gaba ɗaya. A Kyuba bayi sun fake da sunan wata waliyyiyar Katolika, Santa Barbara, wadda ake dangantawa da tsawa, suna bikin Shango a ranarta, 4 ga Disamba. Gangunan bata ma suna nan a Kyuba da sunansu.

Abin da kimiyya ta gano

Turawa su ma sun daɗe suna kiran irin wannan dutse dutsen tsawa. A 1723 wani masani Bafaranshe, Antoine de Jussieu, ya gwada shi da gaturan dutsen da wasu al'ummomin Amurka suke aiki da su a lokacin, ya nuna cewa hannun mutum ne ya yi shi. Gatarin aradu kayan aikin mutanen zamanin dutse ne. Sukan wasa dutse mai tauri a kan fa har ya yi kaifi, su sa masa ƙota, su sare itatuwa da shi. Da aka iya narka ƙarfe, wanda a Nijeriya an fara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kamar yadda aka gani a Taruga kusa da Abuja, sai aka yar da na dutse, ƙasa ta binne su. Ruwa mai ƙarfi shi yake wanke ƙasar ya tono su, kuma irin wannan ruwa da tsawa yake zuwa. Abin da ya sa magabata suka haɗa su ke nan.

Walƙiya kuwa lantarki ce da take taruwa a cikin gajimare, kamar yadda gwajin Benjamin Franklin na Amurka ya nuna a 1752. Tsawa ƙarar iskar da walƙiya ta dafa ce farat ɗaya. Haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. Ƙara tana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan kun ga walƙiya kuka ƙirga daƙiƙa shida kafin ku ji tsawa, to nisanta kilomita biyu ne.

Aradu ba ta zaɓen mai laifi. Ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. Idan hadari ya taso, ku shiga ɗaki ko mota. Kada ku fake a gindin bishiya, kada ku tsaya a filin ƙwallo, kada ku zauna cikin rafi. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe lantarki a jikinsa. Ana iya taɓa shi, kuma wajibi ne a gaggauta kai shi asibiti.

Oshe a yau

Masu bautar Shango sun ragu, amma alamarsa ba ta ɓace ba. Duro Ladipo na Oshogbo ya mai da labarin wasan kwaikwayo mai suna Oba Koso, ya kai shi Jamus a 1964 da Ingila a 1965. A 1964 Ben Enwonwu ya ƙera mutum-mutumin Shango na tagulla yana ɗaga gatarinsa, aka kafa shi a Legas, gaban hedikwatar hukumar wutar lantarki, wadda daga baya aka sani da NEPA. Shekara huɗu bayan haka aka gama madatsar ruwan Kainji a kan Kogin Kwara, wadda take ba ƙasa lantarki daga Jihar Neja. A watan Agustan kowace shekara ana bikin Shango a garin Oyo, kuma a Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Tsofaffin sandunan oshe da yawa yanzu suna gidajen tarihi a Legas da Landan da Balin da biranen Amurka. Wasu sayar da su aka yi, wasu sace su aka yi, wasu kuma an ƙone su ko gara ta cinye bayan masu su sun bar addinin gargajiya. Kowace sanda da ta salwanta ta tafi da shaidar hannun wani masassaƙi da kitson wani gari. Ba sai mutum ya yi imani da Shango ba kafin ya san darajar wannan shaida. Idan ɗayanku ya tsinci gatarin aradu a gona, kada ya ji tsoro, kada kuma ya yar. Ya lura da wurin da ya same shi, ya kawo wa malamin tarihi.

Ma'anar wasu kalmomi

Aradu: walƙiyar da ta faɗo ƙasa tare da ƙara mai ƙarfi.
Rugugi: ƙara mai zurfi da take daɗewa, kamar ta hadari daga nesa.
Ruwan gatari: ɓangaren gatari mai kaifi.
Ƙota: itacen da ake sa wa gatari ko fartanya don riƙewa.
Gizago: abin sassaƙa mai kama da ƙaramar fartanya.
Kamu: tsawo daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa.
Kufai: wurin da mutane suka tashi suka bari.
Caki: gora mai tsakuwa a ciki da ake kaɗawa.
Fa: shimfiɗaɗɗen dutse.
Majiɓinci: mai kula da wani, mai kare shi.
Garaje: yin abu da sauri ba tare da tunani ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Hausawa suke kiran wannan dutse gatarin aradu? Yaya Yarbawa suke kiransa?
2. Wace dangantaka ce tsakanin Shango da Nufawa?
3. Kawo sassa uku na oshe, ka bayyana abin da ke kowane sashe.
4. Me ya sa masassaƙa suke girmama kan siffar da ke jikin oshe?
5. Wane kamanci ne tsakanin elegun da dokin bori?
6. Ta yaya bautar Shango ta taimaki mulkin Alafin? Wa ya cutu da haka?
7. Me ya sa ake yawan tsintar gatarin aradu bayan ruwa mai ƙarfi?

Nahawu

(a) Dubi waɗannan: gatarin aradu, sandar rawa. Kalmar gatari namiji ce, ta ɗauki -n. Kalmar sanda mace ce, ta ɗauki -r. Haɗa waɗannan kalmomi ta wannan hanya: jaka da fata, turmi da daka, ganga da biki, kitso da mata, fada da sarki.

(b) Kawo jam'in waɗannan kalmomi: gatari, sanda, dutse, turmi, rago, masassaƙi, doki, kogi.

Aikin gida

Tambayi wani dattijo a unguwarku abin da mutanenku suke faɗa game da tsawa da aradu. Rubuta abin da ya gaya maka da Hausa cikin jimloli goma, ka karanta wa 'yan ajinku.